DIGIRI KO LASIN TUƘIN JIRGIN SAMA: WANNE YA KAMATA ƊALIBIN SANDAMU YA FARA NEMA?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a ƙasar nan. Jirage uku ne na mayaƙan sama na Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Tun daga wannan lokaci Arewa ba ta rabu da jirgin sama ba. Filin jirgin sama na Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, ta nan ne kuma alhazai suka riƙa tashi zuwa ƙasa mai tsarki tun kafin samun mulkin kai. A Zariya aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen fasinja ta farko a ƙasar nan. Sa'an nan kuma 'yan kasuwan Arewa sun kafa kamfanonin jirage na kansu, kamar su Kabo Air da Azman a Kano, da Chanchangi a Kaduna, da Max Air na Alhaji Dahiru Barau Mangal, mutumin Katsina.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaron da ya tashi a Sandamu, ko a ɗaya daga cikin sauran ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Daura, watau Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure, ya ƙudurta a ransa cewa shi matuƙin jirgin sama zai zama. Buri ne mai kyau, ba kuwa wanda ya fi ƙarfin ɗan talaka ba ne. Amma da zarar ya gama sakandare, ko kuwa ya shiga jami'a ya yi shekara ɗaya ko biyu, sai wata tambaya ta tare masa hanya: shin ya wuce makarantar koyon tuƙi kai tsaye, ko kuwa ya tsaya ya kammala digiri tukuna? Iyaye ma'aikata, waɗanda su ne za su ɗauki nauyin kuɗin, su ma wannan tambayar ce ke gabansu. Amsar da aka ba ta kan shafi shekaru arba'in na rayuwar yaro, wani lokaci har da gonar gado.

ABIN DA DOKA TA NEMA

Ya kamata a fara sanin cewa doka ba ta ce sai mai digiri ne zai tuƙa jirgin fasinja ba. Ƙa'idodin wannan sana'a suna fitowa ne daga Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta shekarar 1944, take kuma da hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada. A nan gida kuwa hukumar NCAA ce ke ba da lasin, bisa ga waɗannan ƙa'idodi.

Lasin ɗin hawa-hawa ne. Na farko shi ne na ɗalibi, wanda ke ba mutum izinin koyo. Sai na tuƙin ƙashin kai, wanda ake samu bayan an yi aƙalla sa'o'i 40 a sama, amma ba a yarda mai shi ya karɓi lada ba. Na uku shi ne na kasuwanci, wanda ke bukatar kimanin sa'o'i 200 da shekara 18 da haihuwa. Da shi ne mutum zai iya fara cin abinci da sana'ar. Na ƙoli kuwa, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja, yana bukatar sa'o'i 1,500 da shekara 21. A tsakanin waɗannan akwai shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai, lokacin da gajimare ko hazo ya rufe gari, da shaidar iya jirgi mai inji biyu. Tun daga shekarar 2008 kuma an wajabta wa kowane matuƙi mai ƙetare ƙasashe ya ci jarrabawar Turanci har mataki na huɗu, domin da Turanci ake magana da hasumiya.

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa da doka a shekarar 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce babbar ƙofar shiga wannan sana'a. Abin da take nema ga mai son koyon tuƙi shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga da ganawa, likitan da hukuma ta amince da shi kuma ya tabbatar da lafiyarsa. Karatun yakan ɗauki kimanin shekara biyu. Kafin ɗalibi ya taɓa jirgi sai ya zauna a aji ya koyi dokokin sararin sama, da ilmin yanayi, da karatun taswira da sanin hanya, da aikin inji, da lissafin nauyi da mai, da yadda ake magana ta rediyo. Akwai kuma wata kwalejin a Ilorin, wadda Gwamnatin Jihar Kwara ta kafa.

To, idan haka ne, me zai sa yaro ya ɓata shekara huɗu a jami'a? Dalilai uku ne, kuma dukansu tarihin sana'ar ne a ƙasar nan ya koyar da su.

RATAR DA KE TSAKANIN LASIN DA AIKI

Dalili na farko shi ne samun lasin daban, samun aiki daban. Yaron da ya fito daga Zariya yana riƙe da lasin kasuwanci da sa'o'i 200 ko sama kaɗan, waɗanda ya tara a ƙananan jiragen koyo masu kujera huɗu. Kamfanin da ke da Boeing 737 ba zai zaunar da shi a gaban jirgi ba sai ya sami wata shaida ta musamman ta iya wannan nau'in jirgi. Ana samun wannan shaida ne a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, sau da yawa a ƙasashen waje, da dalar Amurka kuma ake biya. Ko bayan an same ta, kamfanoni sun fi son wanda ya riga ya tara ɗaruruwan sa'o'i a kan wannan jirgin. Ga shi kuwa ba a tara sa'o'i sai an sami aiki, ba a samun aiki sai an tara sa'o'i.

Misalin da ya fi kusa da Daura shi ne na Jihar Kano. A shekarar 2013 Gwamnatin Jihar, a ƙarƙashin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ta aika da matasa 100 ƙasar Jordan domin koyon tuƙin jirgin sama. Sun je, sun koyo, sun dawo da lasin. Amma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru ba su sami kujerar jirgi ba, saboda wannan rata da aka ambata. A irin wannan zaman jira lasin ba ya ciyar da mai shi, hasali ma ci yake yi, domin dole a riƙa sabunta takardar likita, a kuma riƙa biyan kuɗin tashi lokaci-lokaci don kada ƙwarewa ta dushe. Wanda yake da digiri zai iya koyarwa, ko ya kama aikin ofis, ko ya shiga wani sashe na filin jirgin sama, ya riƙa jira yana da abin sawa a baki. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin bambancin: mai digiri yana shiga aiki a mataki na 08, mai takardar sakandare kuwa can ƙasa yake farawa.

KAMFANONI NA TASHI, SUNA FAƊUWA

Dalili na biyu shi ne rashin tabbas na kamfanonin jirage. Babu wanda ya yi zaton kamfanin Nigeria Airways zai mutu. An kafa shi a shekarar 1958, tambarinsa giwa ce mai fiffike, a lokacin da yake ganiyarsa kuma yana da jirage kusan talatin, suna zuwa Landan da New York da Jidda. Yaran da ya ɗauka daga sakandare ya horar da su a Zariya sun ɗauka sun sami aikin har abada. A shekarar 2003 kamfanin ya daina tashi, aka rushe shi. Shekaru goma sha biyar bayan haka, tsofaffin ma'aikatansa suna nan suna bin ragowar haƙƙinsu, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.

Kamfanoni masu zaman kansu ma ba su tsira ba. Okada Air ya tafi. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda jiragensa suka cika filayen ƙasar nan a shekarun 1980 da 1990, ya ja baya har aka daina ganinsa a hanyoyin cikin gida. Bellview ya tsaya a shekarar 2009, Air Nigeria a shekarar 2012, Chanchangi shi ma ya bi sahu. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar nan, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ce ta karɓe shi a shekarar 2017. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: da dala ake sayen jirgi da kayan gyaransa, da dala ake biyan inshora, amma da naira fasinja ke sayen tikiti. Duk lokacin da naira ta faɗi ko man jirgi ya tashi, kamfani ya shiga uku.

Sai kuma annobar korona ta shekarar 2020. An rufe filayen jiragen sama a watan Maris. Jiragen cikin gida ba su koma aiki ba sai a watan Yuli, na ƙasashen waje kuwa sai a watan Satumba. A tsakanin nan kamfanoni sun rage albashi, sun sallami matuƙa da injiniyoyi masu yawa, har da waɗanda suka daɗe a aiki. Kyaftin mai sa'o'i dubu goma ya wayi gari a gida, ƙwarewarsa kuwa ba ta da kasuwa a ko'ina sai a cikin jirgi.

TAKARDAR LIKITA

Dalili na uku ya fi sauran nauyi, domin ba ya jiran kamfani ya faɗi. Lasin matuƙi ba ya aiki sai da takardar likita mai daraja ta ɗaya, wadda ake sabuntawa kowace shekara, idan shekaru suka ja kuma kowane wata shida. Ana gwada ido da kunne da zuciya da jini. Sanya tabarau ba ya hana mutum tuƙi, muddin yana gyara masa gani. Amma rashin bambance launuka, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko ciwon sukarin da ya yi tsanani, kowanne yana iya sa likita ya ƙi sa hannu. Ranar da hakan ta faru, a ranar aiki ya tsaya, ko da mutum yana da shekara talatin da biyar, da mata da 'ya'ya. Malamin makaranta mai hawan jini yana ci gaba da koyarwa, akawu mai ciwon sukari yana ci gaba da zuwa ofis. Matuƙin jirgi kuwa, gwajin safiya ɗaya kan raba shi da sana'arsa.

Manomin Sandamu ya san wannan lissafi tun kaka da kakanni. Daminarsa gajera ce, ba ta kuma da alkawari, shi ya sa ba ya shuka gero zalla. Yakan sa wake ko gyaɗa a tsakanin kunya, ya kuma ajiye 'yan tumaki da awaki a gida, domin idan ɗaya ya ƙi, ɗaya ya rufa asiri. Digiri a hannun matuƙin jirgi wannan matsayin yake da shi.

YADDA WASU SUKA TSARA NASU

A Amurka an daɗe manyan kamfanoni ba sa ɗaukar matuƙi sai mai digiri, ko da yake doka ba ta tilasta ba. Da ƙarancin matuƙa ya matsa musu sai suka sassauta. Kamfanin Delta, alal misali, a farkon shekarar 2022 ya mayar da digiri abin da aka fi so, ba sharaɗi ba. Abin lura a nan shi ne, sharaɗin yana sassautawa ne lokacin da ake neman ma'aikata ido rufe, idan kuwa masu neman aiki suka yi yawa, mai takarda biyu ake fara kira. Har ila yau, bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da birnin Buffalo a shekarar 2009, inda mutum 50 suka rasu, Amurka ta kafa doka a shekarar 2013 cewa mataimakin kyaftin ma sai ya tara sa'o'i 1,500. Amma ta rage wa mai digirin fannin jiragen sama daga jami'ar da aka amince da ita zuwa sa'o'i 1,000. Watau hukuma da kanta ta ɗauki zaman aji a bakin sa'o'i 500 na tuƙi.

A nan gida ma sojoji sun bi wannan tsari. Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a shekarar 1964, ta fara ba da digiri tun shekarar 1985. Yaron da ya shiga ta ɓangaren mayaƙan sama yana yin karatun digiri a can, sa'an nan waɗanda aka zaɓa su wuce makarantun koyon tuƙi na rundunar a Kaduna da Kano. Wannan hanya ce da ɗan talaka ya kamata ya duba da kyau, domin gwamnati ce ke ɗaukar nauyi, sai dai akwai iyakar shekarun shiga, akwai kuma shekarun da dole mutum ya bauta wa rundunar kafin ya fita.

HUJJAR MASU CEWA A WUCE KAI TSAYE

Masu ganin a tafi makarantar tuƙi daga sakandare su ma suna da hujja, bai kuwa kamata a raina ta ba. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu da ido sun fi saurin koyo a ƙuruciya. Suna cewa girma a kamfanin jirage da sa'o'i da daɗewa ake samunsa, wanda ya riga ka shiga ya riga ka zama kyaftin. Suna cewa kuɗin makarantar tuƙi miliyoyin naira ne, kullum kuma ƙaruwa yake yi tare da dala, abin da aka iya biya bana ba lalle a iya biyansa bayan shekara biyar ba. Sa'an nan suna nuni da yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya ci wata tara a shekarar 2020, ya sake cin wata takwas a shekarar 2022, har digirin shekara huɗu ya zama na shekara shida.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a ɗauki alƙalami a yi lissafi. Yaro ya gama sakandare yana da shekara 18. Ya yi digiri na shekara huɗu, ko biyar idan injiniya ne, ya ƙara shekara ɗaya ta bautar ƙasa, ya kai 23 ko 24. Ya yi shekara biyu a Zariya, ya fito yana da 26. Ƙa'idar duniya ta yarda matuƙin jirgin fasinja ya yi aiki har shekara 65. Ke nan saura masa shekara 39 a sama. Abokinsa da ya wuce kai tsaye ya fito yana da shekara 20, yana da shekara 45 a gabansa. Bambancin shekara shida ne a cikin arba'in da 'yan kai. Wannan shi ne farashin digiri. Farashin rashinsa kuwa ba a saninsa sai ranar da likita ya ajiye alƙalami ko kamfani ya rufe ƙofa, a lokacin nan kuma komawa aji tare da sa'o'in 'ya'yanka, ga iyali ga haya, ba ƙaramin aiki ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hali ɗaya da lissafin kan canja. Idan gwamnati ko wani kamfani ya ba yaro gurbi tabbatacce, an biya kuɗin duka har da shaidar nau'in jirgi, an kuma rubuta alkawarin aiki, to wannan dama ce da ba ta zuwa kullum. Mai irin wannan sa'a ya karɓa, amma ya nemi jami'arsa ta ɗage masa karatu a rubuce, ko kuwa ya yi rajista da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ya ƙarasa yana aiki. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗalibin aji uku ya watsar da karatu a kan alkawarin baka, mahaifinsa ya sayar da gona ko ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar a kuɗin zangon farko, ba a san inda na biyu zai fito ba. Wannan shi ne ba tsuntsu ba tarko.

WANE DIGIRI, KUMA A INA?

Ɗalibin ƙasar Daura na yau ya fi iyayensa sa'a, domin makarantu sun matso kusa da shi. A watan Disamba na shekarar 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka kuma kafa ta domin koyar da injiniyanci da gudanar da harkokin sufuri. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke gari ɗaya da kwalejin jiragen sama. Ɗan Sandamu zai iya yin digiri ba tare da ya yi nisa da tuwon gida ba.

Game da fanni kuwa, ma'aunin guda biyu ne. Na ɗaya, ya kasance fannin da zai sauƙaƙa karatun aji a makarantar tuƙi: Fiziks, ko Lissafi, ko injiniyancin inji ko na lantarki, ko labarin ƙasa da ilmin yanayi, ko kimiyyar kwamfuta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ya kasance fannin da zai ciyar da mai shi ko da duk jiragen ƙasar nan sun tsaya. Saboda haka digirin da ya dogara ga harkar jirage kaɗai bai cika zama kariya ba, tun da ruwan da ya doki kamfani shi ma zai doke shi.

Bugu da ƙari, rayuwar matuƙi ba a cikin jirgi kaɗai take ƙarewa ba. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, a Zariya ta koyi tuƙi, daga baya ta shugabanci kwalejin. Kyaftin Musa Nuhu ya wakilci Nijeriya a hukumar duniya da ke Montreal, sa'an nan ya shugabanci NCAA. Hadi Sirika na ƙaramar hukumar Dutsi, wanda ya wakilci mazaɓar Katsina ta Arewa a Majalisar Dattawa daga shekarar 2011, matuƙi ne kafin ya riƙe Ma'aikatar Jiragen Sama daga shekarar 2015 zuwa 2023. Irin waɗannan kujeru, da na binciken haɗari, da na kula da lafiyar jirage, da na koyarwa, aikin takarda ne da doka da kasafin kuɗi, ilmin jami'a kuwa guzuri ne a cikinsu.

MATAKAN DA SUKA DACE

Ga ɗalibin da ya yi niyya da gaske, tsarin da ya fi kama da hankali shi ne wannan. Tun yana sakandare ya riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci da kyau, domin kiredit ɗin da zai kai shi jami'a shi ne zai kai shi Zariya. Kafin a kashe ko kwabo a kan tuƙi, ya je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi a yi masa cikakken gwaji, musamman na ido da bambance launuka. Gara a san gaskiya da kuɗi kaɗan da a san ta bayan an zuba miliyoyi. Sa'an nan ya kammala digirinsa da sakamako mai kyau, domin idan jiha ko wata hukuma ta tashi ɗaukar nauyin ɗalibai, takardu ake dubawa. Ya yi bautar ƙasa, yana sauraron sanarwar kwalejin Zariya da ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Katsina.

Su kuma hukumomi da masu hannu da shuni na ƙasar Daura, idan za su taimaka, darasin Kano ya ishe su. Gara a ɗauki yara biyar a kai su har bakin ƙofar jirgi, da kuɗin shaidar nau'in jirgi da yarjejeniya da kamfanin da zai karɓe su, da a ɗauki hamsin a sauke su a tsakiyar hanya.

Jirgin sama ba zai ƙare ba kafin yaro ya gama jami'a. Alhazan Katsina za su ci gaba da tashi kowace shekara, za a kuma ci gaba da neman wanda zai zauna a gaban jirgin. Lasin takarda ce da likita ko kasuwa kan iya karɓewa a rana ɗaya. Digiri kuwa, idan ya shiga hannu, babu mai karɓe shi. Ɗan Sandamu da ba shi da dukiyar gado da zai jingina da ita, ya fara riƙe wadda ba a karɓewa, sa'an nan ya nemi ɗayar.